Kwalbar Mangwaron Makcik

Fat!

Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar cokali ba. Ina zaune a falo da hantsi ina ninke kayan wanki, maigidana ya tafi jami'a, 'yata tana makarantar yara, sai na ji ta daga kicin. Na ɗauka tsaka ce ta ture wani abu, don gidajen unguwarmu ta Taman Melati ba sa rabo da tsaka. Na leƙa, tukwane suna inda na kife su, gas a kashe. Har na juya sai hancina ya kama wani tsami-tsami. Na ɗaga kai saman firji, inda na tura wata kwalba can baya kwana tara da suka wuce. Murfinta ya kumbura ya ɗage ta gefe guda. A ciki kuma ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ɗaya na bin ɗaya, a tsakanin yankakken ɗanyen mangwaro.

Na dafe ƙirji na ce innalillahi, abin da nake gudu ya tabbata.

Bari in koma baya kaɗan. Mun zo Kuala Lumpur 'yata tana da shekara uku, lokacin da maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku. Na taho da jaka guda cike da kayan miya na mahaifiyata: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji. Na yi ta tattalinsu, 'yan gida masu zuwa karatu suna ɗan ƙaro mini, har wata shekara kuɓewar ta ƙare ƙaf. Ban damu ba. Na ce ai shanya ba sabon abu ba ce a wurina, tun ina ƙarama nake taya mahaifiyata baza kuɓewa a tabarma, kwana biyu zuwa uku ta bushe har tana ƙaras-ƙaras a tafin hannu. Na sayo ɗanya a kasuwa, na yanka, na baza a tire na kai baranda.

Ashe ranar garin nan zafi kawai gare ta, ba ta busarwa. Iskar kanta a jiƙe take. Ga ruwan sama da ba ya sallama, wajen la'asar sai dai ki ji shi a kanki. A kwana na uku kuɓewata ta yi funfuna fari fat kamar an yafa mata auduga. Na zubar ina istigfari, na sake. Na saka mata fanka. Na riƙa bin rana da tire daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai raino. Sau huɗu ina yi, sau huɗu tana ruɓewa.

Duk wannan a idon maƙwabciyata. Ƙofarta tana kallon tawa, barandarta tana jikin tawa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, sa'ar mahaifiyata, mijinta ya rasu, kullum cikin dogon hijabi. Kowa a benen yana ce mata Makcik, kamar dai mu ce Inna ko Gwaggo, ni ma na bi sahu. 'Yata kuwa Tok take ce mata, wato kaka. Duk asuba ina jin buɗe ƙofarta da jan takalminta za ta ƙaramin masallacin da ke ƙasan bene. Sana'arta kwalabe. 'Yan'uwanta suna da 'yar gona a wani tsibiri can arewacin ƙasar, su suke nomawa su adana su aiko mata a kwali, ita kuma ta rarraba wa masu kedai, wato shagunan unguwa. Turancinta bai fi cikin cokali ba, nawa na sakandare ne, Malayancina kuma na cefane. Don haka hirarmu sallama ce da murmushi da hannu. Kunnenta ɗaya ma ya yi nauyi.

Ranar da ta ga kuɓewata ta huɗu, ta girgiza kai, ta nuna sama, ta yi kamar tana matse tsumma. Washegari ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta miƙo kwalbar nan. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ruwan ciki ya ɗan yi duhu-duhu, ga jan barkono yana yawo a ciki. Ni kuwa ba na cin abu ban tambaya ba, tun da na zo ƙasar nake karanta bayan kowace leda. Na nuna ruwan da yatsa, na tambaye ta da ɗan Turancina me aka zuba. Daidai lokacin jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ta bayan gidajenmu.

"Haram," na ji ta ce.

Na zaci kunnena ne. Na matso na ce, "Haram?"

Ta gyaɗa kai da ƙarfi, fuskarta cike da fara'a, ta ware hannuwa biyu. "Banyak," ta ce. Wannan kalmar na san ta daga kasuwa, ma'anarta da yawa. Ta ɗaga mini babban yatsa ta koma ɗakinta.

Na tsaya a bakin ƙofa da kwalba a hannu, na rasa inda zan ajiye tunanina. Matar da ba ta fashin jam'in asuba ta kawo mini abu ta ce haram ne, da yawa ma, tana dariya. Kwanakin da suka biyo baya babu irin fassarar da ban yi wa maganar ba. Ko cewa take haramun ne in riƙa barin kuɓewa tana ruɓewa? To me ya sa take nuna kwalbar? Ko ba na ci ba ne, na wankin tukunya ne? Amma wa zai sa barkono a abin wanki? Ko a wurinsu akwai abin da ake sassautawa idan ya shiga abinci? Ban duba kalmar a waya ba. Wa zai duba kalmar da ya sani tun yana makarantar allo?

Ban gaya wa maigidana ba. Kansa ya ɗau zafi da rubutun bincikensa, kuma na san shi, ko dai ya ce in zubar, ko ya je ya tambaye ta gatsau. Ni kuma ba na son in zama wadda ta fara ɓata tsohuwar nan a idonsa kan abin da ban tabbatar ba. Sai na tura kwalbar saman firji na ce Allah zai bayyana.

Ranar da ta yi fat ɗin nan, sai na ce ya bayyana. An koya mana a makaranta cewa 'ya'yan itace idan suka fara kumfa a rufaffen mazubi, hanyar zama giya suka kama. Na ɗauke ta da tsumma, na matse murfin, na cusa ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke bayan robar omo. Na kasa zubarwa. Kyauta ce, kuma in gaskiya zan faɗa, ina son in san mene ne. Wani lokacin in na gama wanke-wanke sai in tsuguna in leƙa ta, in ga ko launinta ya canja.

Matsalar ita ce Makcik ba ta manta ba. Duk haɗuwarmu a matakala sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Sedap?" wato ya yi daɗi? Ni kuma in ce, "Alhamdulillahi." Alhamdulillahi ba ƙarya ba ce a kowane hali, amma abin da nake so ta fahimta da ita ƙarya ne, kuma na san haka. Abin ya riƙa cina. Don in huta da tambayar sai na fara kauce mata. In na shirya fita na ji motsinta, sai in tsaya a bayan ƙofata, hijabi a jiki, jaka a kafaɗa, har takalminta ya sauka ƙasa.

Wadda ta fi shan wahalar abin 'yata ce. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake kiranta. Lokacin shekararta shida, Malayanci ya zauna a bakinta daram, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. Da ma in ta dawo makaranta ɗakin Tok take zarcewa, ta ci 'yan kayan ƙwalama, su yi ta surutu. Sai na fara tare ta.

"Mamana, zo ki yi karatunki."

"Na yi."

"To zo ki sake."

"Tok ta ajiye mini abu fa."

"Akwai abinci a gida."

Ta yi kuka ranar farko da ta biyu. A ta uku ta zauna a bakin ƙofa ta ciki tana kallon ƙasa. Makcik kuwa ta daina cewa sedap. In muka yi kiciɓis sai ta yi sallama a hankali ta wuce. Na samu abin da nake nema, amma ko kaɗan ban ji daɗinsa ba. Ni da na baro uwata a nesa, Allah ya ba ni wata a ƙofar ɗaki, ga shi ina ɓuyar mata.

Ana cikin haka aka yi hutun makaranta. Wata rana Mamana ta shigo da gudu, sun haɗu da Makcik a matakala.

"Tok ta ce za ta garinsu, mangwaro ya yi, ta ce mu bi ta. Abba, da jirgin ruwa ake zuwa!"

Maigidana ya ɗago daga kwamfutarsa ya dube ni. "Ai kuwa ku je. Shekara uku kina ƙasar mutane, daga bene sai kasuwar Masjid India sayen yadi. Ni ina da aiki, amma ku ku je ku sha iska."

Na yi mamakin gayyatar bayan duk abin da na yi mata. Na kwana biyu ina juya abin. A ƙarshe son sani ya rinjayi tsoro. Na ce can ake haɗa kwalaben, to zan je in gani da idona abin da ake zubawa. Na cika leda da dambun nama da cincin da garin kwaki, don kada yunwa ta sa in ci abin da ban yarda da shi ba.

Bayan asuba muka hau mota, sai wajen la'asar muka isa bakin teku. Ranar na fara shiga jirgin ruwa. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, na riƙe ƙarfen kujera da hannu ɗaya, na riƙe rigar Mamana da ɗaya. Ita ko dariya take, ruwa yana fantsar mata a fuska. Makcik ta ciro lemon tsami daga jakarta ta murza ɓawon ta miƙo mini in shinshina. Na karɓa. Lemon tsami dai na san shi.

Tsibirin ƙarami ne, babu motoci sai babura. Gidansu na katako ne a kan dogayen ƙafafu, ƙanwar Makcik ke zaune a ciki da mijinta masunci. Ƙanwar ta fi ta jiki da murya, tun daga nesa ta fara yi mana maraba. Da aka nuna mini gonar na kusa tambaya ina sauran. Gaba ɗayanta ba ta kai garkar mahaifina ta bakin rafi ba. Mu mun saba gona ta miƙe har ido ya gaji, gero gefe, gyaɗa gefe. Su kuwa tasu hawa-hawa take kamar bene. Kwakwa can sama, mangwaro a ƙarƙashinta, sai ayaba da gwanda da lemon tsami, sai barkono da citta a ƙasa, agwagi suna ratsawa suna tsince-tsince. Babu taku ɗaya na banza. A jikin shinge na hango wani ganye mai jan kara, na matsa, sai ga yakuwa. Yakuwarmu ta gida, a tsakiyar teku. Saura kaɗan in yi mata sallama.

Da taimakon Mamana na yi ta tambaya, ƙanwar tana amsawa. Me ya sa ba sa kai mangwaron kasuwa ɗanye? Ta nuna teku. In ya tashi da fushi sai jirgi ya kwana biyu ko uku bai tashi ba, kafin kaya su isa birni sun lalace. Don haka kusan komai na gonar sai ya bi ta kwalba kafin ya tsallaka ruwa, kwalba ba ta gaggawa. Kowane gida kuma da abin da ya fi iyawa. Su mangwaro da lemon tsami da gwanda. Gidan da ke bayansu ƙwan agwagwa. Na gaba kifi. Akwai wata tsohuwa da ke dafa ruwan kwakwa har ya daskare ya zama kamar mazarƙwaila. Suna musanya a tsakaninsu, su ci, ragowar su jera a rumfar bakin jirgi ko su aika birni. Abin ya burge ni ƙwarai, har na manta na ɗan lokaci da abin da ya kawo ni. Da aka kawo abinci na ci farar shinkafa da gasasshen kifi, na tsallake duk wani ƙaramin kwano mai ruwa-ruwa. Na ga Makcik tana kallon hannuna.

Washegari da safe aka fara aiki a inuwar ƙarƙashin gida. Mata biyar ne da mu. An tafasa ruwa a babbar tukunya ana tsoma kwalabe ɗaya bayan ɗaya, a kife su a kan farin ƙyalle. Kowace ta wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, ta yi bisimilla, sannan ta ɗau wuƙa. Makcik ta riƙa jawo ni tana nuna mini: ga ruwan da ake wankewa, ga wanda ake ɗauraya, ga ƙyallen, shinshina ki ji. Na yi ta gyaɗa kai. Aka ba ni wuƙa na zauna ina fere mangwaro, amma idona yana yawo. Ina neman wata kwalba da za a fito da ita daga ɓoye.

Da na ga shiru sai na tashi kamar zan kewaya. A bayan gida akwai randuna uku a rufe. Na waiga, babu kowa. Na buɗe ta farko, ƙwan agwagwa ne nutse cikin ruwa. Ta biyu lemon tsami, ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa. Ta uku na sa hanci sosai, wani wari ya buge ni har sai da na ja baya na dafa bishiya. Ƙananan kifaye ne ake tsimawa. Da hawayen suka tsaya sai na ji ƙarshen warin ya yi mini kama da daddawa, har na sake shinshinawa. Na mayar da murfi na dawo ban samu komai ba, sai kunyar leƙa randar mutane.

Na zauna kenan, an tara yankakken mangwaro a babban baho, sai ƙanwar Makcik ta ɗaga murya.

"Haram!"

Haka na ji, a fili, a gaban kowa. Babu wadda ta ko ɗaga kai. Wuƙa ta tsaya a hannuna. Kafin in waiga, Mamana ta miƙe da gudu ta nufi wani buhu a jikin ginshiƙi, ta cusa ɓawon kwakwa ta ɗebo, ta taho tana riƙe da shi da hannu biyu.

"Ajiye! Mamana, ajiye shi!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Yarinya ta firgita, rabin abin ya zube a ƙasa. Agwagi suka watse. Matan nan duk suka zuba mini ido.

"Mene ne a hannunki?"

Ta dubi ɓawon ta dube ni. "Gishiri ne, Umma."

Na jawo hannunta. Fari ne, mai manyan ƙwayoyi, ya ɗan jiƙe. Na dangwala na sa a harshe. Gishiri.

"Me suke ce masa da yarensu?"

"Garam."

"Sake faɗa a hankali."

"Ga-ram. Da ga, Umma. Irin ga na gado."

Na zauna a kan kujerar tsugunno ban san na zauna ba. Wata biyu. Gishiri, da yawa. Abin da baiwar Allah ta gaya mini kenan a bakin ƙofa, tana koya mini yadda ake adana abinci a ƙasar da rana ba ta busarwa.

Da zan iya yin shiru in ce kunama na gani, da an wuce wurin. Amma na gaji da alhamdulillahin da nake fakewa da ita. Na ce, "Mamana, zo ki tsaya nan. Duk abin da na faɗa ki gaya wa Tok, kar ki rage komai." Na fara tun daga jirgin da ya wuce, da kalmar da na ji, da kumfa, da robar omo. Yarinya tana fassarawa tana zaro ido, a tsakiya ta tsaya ta ce, "Umma, da gaske?" Na ce ci gaba.

Tana isa kan kalmar, ƙanwar Makcik ta saki wata irin dariya har ta zame daga kujerarta. Sauran matan suka kama. Ɗaya ta ɗebi gishiri ta ɗaga sama tana cewa, "Haram, haram, banyak!" wata tana dukan cinyarta tana share hawaye da gefen hijabi. Ƙanwar ta nuna yayarta ta faɗi wani abu, aka sake fashewa. Mamana ta ce, "Wai ta ce shekara sittin da saninta da Tok, ba ta san tana sayar da haram ba sai yau."

Makcik ta yi dariyar ita ma, amma kaɗan. Sai ta koma goge wuƙarta. Da ta yi magana, a hankali ta yi, kuma ni take kallo ba yarinyar ba. Mamana ta fassara.

"Tok ta ce, ashe ba ƙyama kike yi ba?"

"Ƙyamar me?"

"Ta ce ta ɗauka kina ganin abincinta ba shi da tsabta. Shi ya sa ta ce mu zo, ki ga yadda suke wanke kwalba." Makcik ta ƙara wata magana, Mamana ta fassara. "Ta ce in kin tsaya a bayan ƙofa tana ganin inuwar ƙafarki ta ƙasa. Sai ta yi sauri ta sauka don kar ki makara."

Nan dariyar ta ƙare mini. Na durƙusa a gabanta na kama hannuwanta biyu, gishiri da danƙon mangwaro duk a jiki. Kalmar neman gafara ɗaya na sani a yarensu, maaf, na yi ta maimaita ta, sauran na ƙarasa da Hausa, na ce Inna ki yafe mini, na zarge ki a zuciyata, na raba ki da jikarki. Ban ce a fassara ba, ita ma ba ta nema ba. Ta shafa kaina ta saman hijabi kamar yadda mahaifiyata take yi. Sannan ta miƙa hannu ta buɗe wata tsohuwar kwalba, ta tsamo yanka ɗaya da cokali ta nufo bakina.

"Makan," ta ce, wato ci.

Na yi bisimilla na karɓa. Tsami ya tsaya mini a muƙamuƙi, gishiri ya biyo, barkono ya zo a ƙarshe. Sai na ga kaina a bakin ƙofar makarantarmu lokacin tara, mu huɗu mun kewaye takarda guda, muna dangwalar ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji. Abin da na ɓoye wata biyu bayan robar omo, na san ɗanɗanonsa tun ina aji ɗaya.

"Sedap?" ta ce.

Na ce, "Sedap." Wannan karon da bakina da zuciyata.

Amma ban bar maganar kumfa ba, don ita ma ta tsaya mini. Makcik ta ce babu sukari a ciki balle ya juya, gishiri ne da ruwa kawai, tsami yake yi. Sai na tuna kamun kokon mahaifiyata, yadda yake kumfa a roba in ya kwana biyu, da nono in ya kwana a ƙwarya. Ban taɓa zargin koko ba. Ta ce kwanakin farko kwalba tana buƙatar numfashi, sai ana ɗan sassauta murfin kullum a mayar. In an manta da ita sai ta yi kira. Mamana ta ƙarasa fassarar. "Tok ta ce, in ta kira ki, ki je ki amsa."

Kwana uku muka yi. Na ci daga kowane ƙaramin kwano, har na kifin nan mai wari. Dambun naman da na zo da shi don kare kaina na fito da shi aka ci, ƙanwar ta riƙe ledar ta hana kowa ragowar. Na nuna musu yadda muke miyar yakuwa da gyaɗa, don su furen kawai suka fi damuwa da shi. Muka dawo da kwali huɗu, ina riƙe da ɗaya a cinya a cikin jirgi.

Muna isa gida, tun kafin in cire hijabi, na tsuguna na jawo kwalbar daga bayan robar omo na kai wa Makcik. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ɗaga yatsa. Babu abin da ya same ta. Ranar da ita muka ci shinkafa, maigidana yana jin labarin yana ƙwarewa da dariya. Ya ce, "Ke da kin tambaye ni ai da tuni an wuce wurin." Na ce, "Kai ka san garam ɗin?" Sai ya ce a miƙo masa ruwa.

Satin nan Makcik ta shigo kicin ɗina, karo na farko, ta tsaya a kaina na haɗa tawa kwalbar. Kuɓewa na sa, ƙanana, ban yanka ba. Ta riƙa ƙara mini gishiri ina cewa ya isa, tana cewa banyak. Daga baya da na yi miya da ita ba ta yi yauƙi kamar ta gida ba, ba zan yi ƙarya ba, tattasai da yakuwa sun fi karɓar abin. Amma ba ta yi funfuna ba. Na ajiye kwalbar a kan kanta, a gaba, inda kowa zai gani. Kwana biyu ina sassauta murfin, a na uku aiki ya sha kaina na manta.

Ranar Asabar ce da hantsi, ina ɗaki ina guga. Mamana ta dawo daga wurin Tok da wani abu a baki tana taunawa, ta zauna a falo. Sai na ji fat daga kicin. Kafin in ajiye dutsen guga ta leƙo, ta yi mini magana da Hausa tun daga farko har ƙarshe, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Umma, kwalbarki tana kiranki. Je ki amsa mata, kar ki tsaya a bayan ƙofa."